Faten Accar Mama Saratu

Zuwa ga Ummata, wadda ta riga mu gidan gaskiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta 'ya da mahaifiya, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Da kina raye, a bakin murhu zan faɗa miki wannan, ki ja min kunne a wuce wurin.

Kin tuna karatun nan nawa da kike kira likitancin cokali, wato koya wa wanda ciwo ya kayar yadda zai koma ci da sha da sa tufafi da kansa? To yanzu an fara tura mu gidaje. Ni aka haɗa da Mama Saratu a Unguwar Boro, dattijuwa 'yar Kagoro da ɓarin jikinta na dama ya shanye. Burinta ɗaya ne, ta sake riƙe ludayi ta dafa wa jikokinta abinci. Mun daɗe muna fama da yatsun nan kafin suka fara lanƙwasuwa.

Ranar Talata na tarar da kwanon faten acca a rufe, ita kuma sai murmushi take. Umma, ina kallon gicciyen da ke bango sai na hau tunanin a wace tukunya aka dafa, wa ya yanka naman. Na ce mata azumi nake. Ni da na ci ƙosai a cikin keke, man ma bai gama barin yatsuna ba.

'Yarta Rifkatu ce ta raka ni titi. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce wannan ne girkin farko da uwarta ta yi tun da ta kwanta, kuma da hannun daman ta juya shi, tana yi tana hutawa. Tukunyar sabuwa ce, don ni aka saya. Naman kuma sai da aka je Sabon Tasha wajen mahauci Musulmi.

Sai na tuna Kirsimeti a Barnawa, idan maƙwabciyarmu Maman Ngozi ta aiko da shinkafa. Ke kike fara sa hannu, ki ce, "Ku zauna ku ci, matar nan tun asuba take tsaye." Ba ki taɓa zama a aji ba. Ni kuwa an koyar da mu mutunta al'adar majinyaci, har na fi kowa maki, ina ta hura hanci.

Jiya na koma. Mama Saratu ta tarbe ni da "sannu da zuwa, 'yata" kamar kullum, amma hannun yana kan cinya. Na miƙa mata ludayi, ta ce a bar shi, Rifkatu ma ta iya girki. Idan ta daina motsa shi yatsun za su sake sandarewa, kuma ni na jawo.

Da zan tafi ta sa aka ajiye min lemon kwalba, ba a ko buɗe ba. Ta ce wannan dai hannunta bai taɓa ba.

Kunya nake ji, Umma. Gobe zan je in faɗa mata gaskiya, in roƙe ta ta sake dafa min. Ban san ko za ta yarda ba.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya ba hannun Mama Saratu ƙarfi, Ya sanyaya zuciyarta a kaina.

'Yarki mai kewarki,
Bilkisu