Ranar da Dogon Jak Ya Cire wa Surukina Hula

Zuwa ga mahaifina, marigayi Malam Garba Direba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga ubansa, ina fatan kana cikin ni'imar Ubangiji. Inna tana lafiya, jikokinka ma haka. A-kori-kurarka tana nan tana jigilar shinkafa tsakanin Bakura da Mafara, tana tarinta na safe kamar yadda ka bar ta.

Tambaya ce ke tafe da ni, Baba, a kan dogon jak ɗinka da muke ɗaga mota da shi idan ta kafe a taɓo.

Na san yadda kake ji da shi. Duk ranar da ya shiga laka, shi kake fara wankewa kafin ƙafarka. Ka hana a shafa masa giris, ka ce yashi yake tarawa ya riƙe ƙusoshin nan biyu da suke hawa ramukan ƙarfen. Baƙin mai kaɗan kake ɗiga masa. Katakon da kake shimfiɗa masa don kada ya nutse yana nan bayan kujera. Wannan duk na gane.

Halinka ne ban taɓa ganewa ba. Kai da kake tsayar da mota don ka gai da mai noma, da zarar jak ya ɗauki nauyi sai ka rikiɗe. Ka san mutanenmu, mota ta kafe gari ya fito, kowa yana son ya sa hannu ya sami lada. Kai kuwa sai ka kore su, har masu furfura: "Kowa shi ja baya! Wanga ƙarhe bai san babba ba." Kunya takan kama ni kamar in nutse. Har a raina nakan ce, wai rowar jak Baba yake yi?

To makon jiya an kwana ana ruwa, na kafe a fadamar da ke kusa da Birnin Tudu. Na sa wa tayoyin gaba waigi don kada su motsa, na ɗaga bayan motar, muka cusa itace da duwatsu a ƙarƙashin taya. Saura saukewa, kuma kai ka koya mini cewa nan haɗarin yake, don nauyin motar kan hannun jak yake komawa, in ya kuɓuce sama yake tashi.

Ina gyara duwatsun, na ɗago kai sai ga Malam Bawa, mahaifin matata Hadiza, ya naɗe hannun riga ya kama hannun jak. Gonarsa tana nan kusa, ya hango surukinsa cikin wahala ya zo taimako. Ya riga ya buga ɗan ƙarfen da ke juya jak zuwa saukewa, ya sunkuya, haɓarsa daidai saman hannun, tafinsa mai laka yana zamewa.

Baba, mutumin da ban taɓa haɗa ido da shi ba! Tun daga nesa nake cire takalmi in durƙusa. Yaya ake ce wa suruki matsa? Bakina ya nemi kalmar ladabi ya rasa. Sai kawai na ji tsawarka ta fito daga maƙogwarona, na fizgo shi da wuyan riga, ya zauna daɓas cikin taɓo a gaban mutanen garinsu. Daidai lokacin da na fizgo shi ne hannun jak ya tashi ya ɗauke masa hula, ya yi ta bugawa sama da ƙasa har motar ta dira.

Ya ɗauki hularsa, ya koma gona. Na ji wani dattijo yana cewa, "Ɗan Garba na, mi kuka tsammani?"

Tun ranar, in na gaishe shi a waya "lahiya" ɗaya yake ba ni. Hadiza ta je gida ta dawo, ta ce bai ji ciwo ba, yana tauna nama da haƙoransa tas, amma in an ambaci sunana sai ya sauya magana. Abin yana damuna ƙwarai, don ina ƙaunar dattijon nan.

Shi ne nake ta tunani. Me ka gani kafin a haife ni da ya sa maka wannan zafin? Baffa Isa, ƙanenka da bakinsa ya karkace, da kuke cewa faɗuwa ya yi, ko jak ne? Kuma duk ranar da ka kori dattawa, ina kake zuwa da la'asar da goro cike da aljihu? Me kake ce musu? Ka koya mini wankewa da ɗagawa da saukewa, wannan ɗin ne ka tafi da shi.

Gobe Juma'a zan je in durƙusa in ba shi haƙuri, da zuciya ɗaya, don na kunyata shi a bainar jama'a. Amma in ya tambaye ni ko zan sake yin haka, amsar ita ce eh, kuma har yanzu ban san yadda zan faɗe ta cikin ladabi ba.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya yafe maka, Ya sa aljanna ce makomarka. Ni kuma Ya sanyaya mini zuciyar Malam Bawa kafin in isa zaurensa.

Ɗanka mai kewarka,
Lawali