Ni Ba Miskini Ba Ne

Zuwa ga ƙanena Zakari, a Bilma.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa kana lafiya, kai da Salamatu. Mu nan alhamdu lillahi, 'yata Ramatou ta haihu, mace. Malam Usman maƙwabcinmu ke rubuta mini, na ce kada ya gyara ko kalma ɗaya.

Ranar Talata ɗanka Nasser ya zo da magina uku da diga, wai zai rushe zauren mahaifinmu ya yi garejin motarsa mai zuwa Libiya. Na tsaya a bakin ƙofa, ya ture ni. Na ɗaga sanda na fasa masa gira, jini har kan riga, kuma ban yi nadama ba. Shi kuwa ya murɗe hannuna sai da ƙashi ya ce ƙas, ya taka mini wuya a ƙasa, ni da na yi masa huɗuba ranar da aka haife shi. Da mutane suka taru, ya ce su rabu da miskinin nan. Karayar ba ta ci ni kamar wannan kalma ba. Yaushe na miƙa wa wani hannu a Agadas?

Lokotoron da ya ɗora ni Kirista ne, mutumin Dogon Dutsi. Da ya ji ina ta maimaita kalmar, ya ce a Zabura, da harshen Ibraniyanci, akwai wani sunan talaka, wai "ani", kuma asalinsa wanda aka tanƙwara ne, aka danne. Na ce to, ban san baƙi ba, amma wannan na gane. Miskini daga Allah ne, sai haƙuri. Wanda aka tanƙwara kuwa, akwai mai hannun, kuma ɗanka ne.

Ba zan kai jininmu komisariya, wurin 'yan sanda, ba. Amma tura ta kai bango. Na kwance takobin Baba daga rataya, na wasa shi, kuma ka san ni Bahago ne, hannun dama ya karya. Nasser ya ce zai dawo bayan Sallah. Ka riga shi isowa, in ba haka ba ka zo da likkafani.

Ka gaida Salamatu da Kadidia da Rabi'u. Ramatou na gaishe ka.

Ni ne yayanka,
Bahago.