Bayan Katangar Maƙabarta

Zuwa ga Baffana Anselmo,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Gwaggo Nelida da jikoki duka a can Ajantina. Allah ya ƙara maka tsawon rai, ya sassauta maka ciwon gwiwar nan. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Yaya Fermin yana nan da gidan burodinsa da ƙorafinsa, Mama kuma jiki da sauƙi, ko da yake tsufa ba ya jin magani. Na zaɓi in rubuto ne domin na san halin kunnenka a waya. Yana jin labarin ƙwallo sarai, amma da an ambaci tsohon ƙauye sai layi ya lalace.

Baffa, ƙauyen ya fito. Farin bana ya janye ruwan madatsa har hasumiyar coci ta bayyana, sannan gidaje suka biyo baya ɗaya bayan ɗaya, ba rufi, sun yi fari fat da busasshen taɓo. Ni da aka haifa bayan ruwa ya cinye shi ban taɓa ganinsa ba sai yanzu, kuma ban ji daɗin ganinsa ba. Mutanen birni suna ta zuwa ɗaukar hoto. Mama ta matsa sai na kai ta, na ɗauka gidanmu take son gani. Wallahi ta wuce ƙofar gidan ko waiwaye ba ta yi ba. Maƙabarta ta nufa, kuma ba ta shiga ba, sai ta zagaya bayan katanga ta tsaya tana dube-dube a ƙasa kamar wadda ta yar da allura.

A nan ta gaya mini abin da kai ka sani, mu ba mu sani ba. Ta ce kafin Fermin ta haifi 'ya mace a tsakiyar hunturu, lokacin Baba ya kora tumaki kudu, ƙanƙara kuma ta toshe hanyar da Fada, limamin coci, zai biyo. Yarinyar ta koma kafin wani ya yi tunanin zuba mata ruwan baftisma. Ka san dokar wancan zamani, wanda ba a yi wa baftisma ba ba ya kwana cikin maƙabarta, sai a bayan katanga, ba gicciye ba suna. Mata kuma ba sa raka gawa, balle mai jego. Ta ce kai ka ɗauki gawar a akwatin sabulu ka fita, ka dawo hannunka duk ƙasa, ba ka faɗi inda ka binne ta ba, ita ma ba ta tambaya ba. Da za a cika madatsa aka kwashe matattu zuwa sabon gari, sai aka kwashe masu suna kawai. Ta ce kunya ta hana ta buɗe baki a gaban ma'aikata, Baba kuma har ya rasu bai taɓa tayar da maganar ba. A zuciyarta Amparo take kiran jaririyar.

Na je ofishin masu kula da ruwa. Wata yarinya mai kirki ta biyo mu har wurin, ta ce za a ba da izinin tono idan iyali sun nuna daidai gurbin, amma ba za a bari a farfasa bayan katangar duka ba. Ta tambayi Mama shekara nawa ke nan da faruwar abin. Ni na fara lissafi da yatsu, sai Mama ta riga ni. Ta ce ai ba a daɗe ba, ɗazu-ɗazun nan ne, har yanzu in ta ji kukan jariri a maƙwabta ƙirjinta yakan yi mata nauyi. Kada ka ce ruɗewar tsufa ce, Baffa. Ta san ranar da muke ciki, ta san sunan kowane jika. Yarinyar ofishin ta mayar da bironta aljihu ba ta rubuta komai ba.

Tun daga ranar Mama ba ta barin taga. Ranar Lahadi aka fito da siffar waliyyin gari aka zagaya gonaki ana roƙon ruwa, kowa ya fita har guragu, ita ta ƙi. Na same ta riƙe da carbinta tana roƙon kada a yi ruwan. Gonar waken mijina ta ƙone ƙurmus, ina ganin yadda yake kallon sama, ina ganin yadda ita ma take kallo, kuma ban san addu'ar wa zan ce wa amin ba. Abin yana cin raina. Masana sun ce ruwan sama in ya sauko, cikin ɗan lokaci ƙauyen zai koma ƙarƙashin ruwa, kuma wa ya san ko zai sake fitowa Mama tana raye.

Ba laifinka nake nema ba. Ka yi abin da aka saba yi, kuma kai kaɗai ka tsaya wa Mama a ranar. Amma an ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba, mu kuwa mun hau mun sauka ba mu ga komai ba sai taɓo. Ka gaya mini wace kusurwa ce, ta gefen kogi ko ta gefen dutse, ko akwai wata bishiya da ka yi alama da ita. Ka sa Gwaggo ta kira ni ranar da takardar ta iso.

Idan kuma ka manta, ka faɗa mini ni kaɗai, sannan ka zaɓi wani wuri ka ce nan ne. Ba zan bari a tona ba. Zan kai Mama ta durƙusa ta kira sunan 'yarta da ƙarfi sau ɗaya, kafin ruwa ya rufe.

Ka gaida Gwaggo Nelida da ɗanku Leandro da matarsa Ofelia da ƙananan duka. Fermin da mijina Saturnino suna gaishe ka. Mama ta ce in gaya maka ba ta taɓa yi maka godiya ba.

'Yarka,
Casilda