Ranar da Inna ta tsayar da ɗan takara

Assalamu alaikum Yaya Sani,

Da fatan kana lafiya, da Anti Hauwa da yara. Ya ruwan Fatakwal? Mu nan Kademi kalau.

Ran Laraba ɗan takarar majalisa ya zo Gaya, ni da Inna muka je taron, ya ce shi burinsa a daidaita da ƙasashe maƙwabta, a buɗe iyaka kaya su yi araha. Ana cikin tafi Inna ta miƙe ta ce, "Ranka ya daɗe, in man waje ya cika kasuwa, wa zai sayi man gyaɗarmu?"

Ya ce bai yi wannan tunanin ba. Jiya ya aiko mata, gobe zai zauna da masu matsar mai, ita ce bakinsu.

Yaya, ranar har hawaye na yi. Ku sa ta a addu'a. A gai da Kawu.

Ƙanwarka,
Binta