Su Tambaye Shi da Baki

Fulatan, ta Rogo,
11 ga Afrilu, 1991.

Zuwa ga Yayana Gwadabe,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, tare da fatan kana lafiya, kai da Yaya Baraka da yara. Yaya aiki, yaya Jos? Allah ya ƙara lafiya, ya tsare ku fita da shiga. Mu nan da sauƙi. Inna tana nan, ƙafar ce dai ke tashi mata lokaci-lokaci, amma tana dogara sanda ta je sujada. Yelwa ta shiga aji biyar. Gyaɗar bara ba ta yi ba, dawa ce ta rufa mana asiri.

Yaya, ina cikin damuwa, kuma ban da Allah ba ni da wanda zan kai wa kuka sai kai. Ka san shekara huɗu ke nan Baban Yelwa yana karatun tauhidin nan da ake yi daga gida, wanda aka shirya wa waɗanda ba fastoci ba. Ya yi noma, ya yi darasi, duk sati biyu ya je Karaye su haɗu su bakwai da malaminsu, Fasto Maikuɗi, a duba aikinsu a aika ofishin makarantar nan Jos. Littafi goma sha biyu ne, ya gama sha ɗaya. In ya samu takardar shaida, shi za a tabbatar mai wa'azi a majami'armu, wadda shekara shida ke nan ba a aiko mata kowa ba. In bai samu ba, an ce za a haɗe mu da ta Rogo, kuma ka san tsofaffinmu ba mai iya wannan tafiyar.

Akwai abin da muka ɓoye muku. Tun farkon bara ya fara gani dishi-dishi. Maƙwabcinmu Hammawa, Bafulatanin nan da shanunsa ke kwana a gonarmu, shi ya raka shi asibitin ido a Kano. Likita ya ce jijiyar ce ta mutu, na dama ya tafi, na hagu saura kaɗan. Ya roƙe ni kada kowa ya ji, wai za a ce makaho ba zai riƙe ikilisiya ba. Ya jingine keke ya koma bin motar kasuwa, wanda ya tambaya sai ya ce gwiwa ce. Darasi kuwa ni nake karanta masa, ya faɗi amsa, in rubuta. Haka muka yi littafi uku.

Makon jiya sai ga Fasto Maikuɗi a babur har ƙofar gida, ko ruwa bai sha ba ya fito da takarda. Wai a Jos sun ga rubutu ya canza, sun soke littattafan nan uku, sun kuma cire sunansa daga jarrabawar ƙarshe da za a yi ranar huɗu ga Mayu. Nan Baban Yelwa ya faɗi gaskiyar idonsa. Sai Fasto ya juyo ya tambaye ni ko akwai kalma ɗaya a ciki da ta fito daga kaina. Na ce babu. Yaya, ƙarya na yi. A littafi na goma zazzaɓi ya kwantar da Baban Yelwa, saura tambaya biyu, ga ranar kai aiki ta zo. Na ga bakinsa na rawa, na kasa tashinsa, sai na amsa su da kaina. Har yau bai sani ba.

Tun ranar da Fasto ya zo, ba ya cin abincin kirki. Ran Lahadi aka jira shi ya tashi ya yi wa'azi, ya zauna a bencin baya kansa a ƙasa, muka yi waƙa uku muka watse. Ran Talata kuma Baba Mijinyawa, dattijon ikilisiya, ya rasu. Aka tsaya a bakin kabari ana kallon juna, ba mai yin addu'a. Sai Baban Yelwa ya ce in kama hannunsa in kai shi gaba, a gaban kowa. Ya karanto babin tashin matattu da ka, daga farko har ƙarshe, Littafi Mai Tsarki na rufe a hammatarsa. Ni dai kuka nake, mutane suna zaton na Baba ne.

Fasto ya ce wasiƙa ba za ta yi komai ba kafin ranar, sai dai mutum ya je da ƙafarsa. Don Allah, Yaya, ka nemi izini a wurin aiki ka je ofishin nan. Sunansa a wurinsu Sulle Jibo, ajin Karaye. Ga takardar likita na haɗa. Ka faɗa musu komai, har da amsa biyun nan tawa, kada ka rage. In littafi na goma za su soke, su soke, zai sake shi. Amma su zaunar da shi su tambaye shi da baki, duk abin da suka ga dama, ni ina waje. In sun ƙi, kada ka taso, ka nemi babbansu.

Na yanke shawara gobe zan faɗa wa Baban Yelwa, jibi in je Karaye in faɗa wa Fasto. Ban san ta inda zan fara ba. Shekara guda ni ce idonsa, duk abin da na ce na rubuta ya yarda, bai taɓa cewa in maimaita masa ba.

Ka gaida Yaya Baraka da Lado da Ɗantala. Inna tana gaishe ku, Yelwa ma haka. Ka ba direban da ya kawo maka wannan amsa, ko layi ɗaya ne. Ku sa mu a addu'a.

Ni ce ƙanwarka,
Lami Sulle.