Shafin da Ya Fi Fari

Talata da dare, Woolwich.

Malama Joan, mai koya mana busa klarinet, ta ce kowa ya zo yau da kiɗa ɗaya wanda Ba'amurke ya tsara, shi zai busa gaban jama'a ƙarshen wata. Wanda bai kawo ba, babu sunansa.

Ni har yanzu rubutun kiɗa a hankali nake karanta shi. Da na tashi daga gadi sai na biya library, na tara littattafai huɗu, ina buɗawa ina duba yawan tawada kawai. Duk shafin da ya yi baƙi kamar tururuwa sun samu sukari, sai in wuce. Na ɗauko wanda ya fi kowanne fari.

Da na kai wa Malama, ta duba, ta yi dariya. "Habu, wa ya zaɓa maka wannan?"

Na ce, "Idona, Malama."

Ta ce mai baƙin nan saurin yatsu yake so, ko ka kuskure ba kowa zai lura ba. Wannan kuwa numfashi yake ci. Akwai sauti ɗaya da zan riƙe har a ƙirga goma sha biyu, in ya yi rawa duk ɗakin zai ji. Ta miƙo mini wani mai sauƙi.

Na ce bari in gwada tukuna. Na kai tara, iska ta ƙare. Na sake, na kai goma.

Ban karɓi nata ba. Awa goma nake tsayuwa a ƙofar kanti kullum, jira ba baƙona ba ne.

Ta rubuta sunana, amma da fensir. Saura ƙirga biyu in kai goma sha biyu, kuma ina da sati uku.