Ajiyarka, Baba, Sun Kwance Ƙullinta

Assalamu alaikum, Baba. Bayan gaisuwa ta ladabi da fatan kabarinka ya yi maka sanyi, na zo ne da ƙorafi, domin raina a ɓace yake.

Ka tuna yadda Fulani da Maguzawan Ruwan Godiya ke kawo maka ajiya a ƙulle cikin tsumma? Ko shekara uku ta yi, da ƙullin da aka kawo ta kake mayarwa. Kakan ce, "Ni ban kwance abin da ba ni na ƙulla ba."

Ni ne fa na ja ka banki. Da aka buɗe reshe a Faskari, ina ɗan malamin makaranta mai ɗaga kafaɗa, na ce maka ajiyar kuɗi a tukunya ta tsufa, zamani ya zo. Ka kwashi kuɗin audugarka na kaka biyu, kuɗin shanun huɗa guda biyu cif, ka dangwala yatsa. Har ka roƙi akawu kada ya haɗa naka da na wasu. Ya yi dariya. Ni ma na yi, Allah Ya yafe mini.

Ashe kai ne ka yi roƙon da ya dace. Ajiyarsu ba ta kwana a Faskari, Baba. Birni ake kai ta, a ranta wa 'yan kwangila su sayo siminti da motoci. Ƙasar da ke haƙo man fetur, amma da gumin manomin auduga ake gina benaye!

Bayan rasuwarka na je karɓo kuɗin kafin damina ta faɗi. Sun ba ni su daidai, ko kwabo bai yi ciwon kai ba. Sai da na shiga kara, kasuwar shanu, a Ƙanƙara na gane satar. Tun da aka ƙara wa ma'aikata albashi komai ya yi tashin gwauron zabi, kuɗin shanu biyu ya koma na sa ɗaya.

Na koma in ranci cikon. Manaja ya ce in kawo takardar gona. Wace takarda? Gonar da iyakarta gamba ce da kukar da kakanka ya sani? Ranar karɓar kuɗinka yatsa ya ishe su shaida. Ranar bayarwa ce muka zama baƙi.

Na sayi san, jan bijimi ne, da ka so shi. Yana ɗaure a gindin ɗorawa, karkiya na jingine da rumbu, gefenta ɗaya babu wuya. An yi ruwan shuka shekaranjiya. Inna ta ɗauko tsohuwar garmarka ta hannu ta miƙo mini. Da garmar na fita gona yau.

Ka yafe mini dariyar nan, Baba. Allah Ya jiƙanka, Ya riƙe ka yadda ka riƙe amanar mutane, mu kuma Ya isar mana.

Ɗanka mai kewarka,
Lawal